Yadda ake muhawarar "kuskuren kimiyya" kan dabbobi a littafin addini ba tare da ka kunyata kanka ba

Wata ranar Laraba muna zaune a ofishin malamai ana jiran a kaɗa ƙararrawar tashi, sai wani abokin aikina Musulmi ya juya fuskar wayarsa ya nuna wa malamin lissafinmu, shi Kirista ne, ya ce masa "Oga, wai da gaske littafinku ya ce zomo yana tuƙa, jemage tsuntsu ne, fara kuma ƙafa huɗu gare ta?" Mutumin ko gezau, ya ajiye jan bironsa ya ce "To Malam, naku fa da ya ce tururuwa ta yi magana, ya ce gidan gizo-gizo ne mafi rauni alhali zaren gizo ya fi ƙarfe ƙarfi?" Shikenan sai duk suka juyo kaina, tunda ni ke koyar da bayoloji wai in raba gardama. Wallahi ranar ban raba komai ba, inda-inda na yi ta yi har aka tashi, na koma gida ina jin haushin kaina. Daga baya ne na zauna na bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, abin da zan rubuta nan shi ne hanyar da na ga tana fissheni tun daga lokacin. Ni Musulmi ne, gara in faɗa tun farko kada wani ya ce na ɓoye, amma hanyar kowa zai iya bin ta.

Kafin komai duba da wa za ka yi kuma a ina. Wannan ba wasa ba ne a ƙasarmu, kowa ya san yadda magana ɗaya kan addini ke iya zama wuta. Ka yi da mutumin da kuka san juna, wanda gobe za ku gaisa ko an tashi baram-baram, a zaune, mutum biyu ko uku. Ba a cikin taro ba, ba a guruf mai mutum ɗari biyu da wani zai yanko rabin maganarka ya watsa ba. Kuma ku yi sharaɗi tun farko: ana maganar zomo da tururuwa ne, ba izgili ga Annabi ko littafi ko Allah. Duk wanda ka ga dariya ya zo nema ba amsa ba, ka ce masa sai anjima.

To in an zauna, abu na farko a buɗe littafin. Kar ka yarda a yi muhawara a kan hoton da aka turo maka. Mafi yawan jerin tambayoyin nan ba a Kano ko Jos aka ƙirƙire su ba, tsofaffi ne, sun yi ta yawo tun zamanin littafin likitan nan Bafaranshe Maurice Bucaille na 1976 da muhawarar Zakir Naik da William Campbell a Shikago a 2000, kowane ɓangare ya haddace nasa harsashin, ana ta kwafa ana liƙawa ba wanda ke komawa ya duba. Kai ka duba. A karanta ayar, a karanta ta gabanta da ta bayanta. Sau da yawa rabin rigimar a nan take mutuwa.

Ga misali maganar fara. Tana cikin Littafin Firistoci sura 11, daga aya 20 zuwa 23, inda ake lissafa abin da Bani Isra'ila za su ci da wanda ba za su ci ba. Aya ta 20 ta ce ƙwari masu fiffike masu tafiya da ƙafa huɗu haram ne. Mai kawo tambaya a nan yake tsayawa, ya ce ai kowane ɗan firamare ya san ƙwaro ƙafa shida gare shi. Amma aya ta 21 ta ware waɗanda ke da wasu dogayen ƙafafu a saman ƙafafunsu da suke tsalle da su, ta ce su a ci. Mu da muke cin fara da yaji mun san abin da ake nufi ba sai an zana mana ba: ƙananan ƙafafu huɗu a gaba da take rarrafe da su, sai manyan cinyoyi biyu na baya masu ƙaya-ƙaya da take zabura da su, waɗanda mai suya ke yawan fizgewa. Mutanen da suke kama fara da hannunsu suna ci, da wuya a ce ba su taɓa ƙirga ƙafarta ba. Sai dai in kai ne mai kare wurin kar ka yi saurin murna, don aya ta 23 ta sake cewa sauran ƙwari masu fiffike masu ƙafa huɗu, ga shi ƙuda ba shi da cinyar tsalle. Amsar da ta fi tsayuwa ita ce "tafiya da huɗu" salon magana ne na abin da ke tafiya a kife ba a miƙe kamar mutum ba. Ka riƙe wannan amsar da kyau, za mu dawo kanta, don tana da 'yar uwa a Alƙur'ani.

Abu na biyu, kalmar asali. Abin da ke hannunka in da Hausa ne ko Turanci, fassara ce. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, tarjamar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Gumi ma duk mun san ta, amma Attaura da Ibrananci take, Alƙur'ani da Larabci. Jemage da ke ƙarshen jerin tsuntsaye a Firistoci 11:19, kalmar da aka tara su a ƙarƙashinta ita ce "of", ma'anarta abin da ke tashi, mai fiffike, shi ya sa ma aya ta gaba ta yi amfani da ita ga ƙwari. Rabon da muke koyarwa a aji, wai wannan mai shayarwa ne wancan tsuntsu ne, tsari ne da mutane suka zauna suka yi, Linnaeus ɗan Suwidin ne ya raɗa wa ajin masu shayarwa suna a 1758, kuma shi kansa a bugunsa na farko na 1735 cikin kifaye ya saka whale, ƙatuwar dabbar tekun nan mai shayarwa. Raba halittu da masu tashi, masu iyo, masu tafiya a ƙasa ba kuskure ba ne, wani ma'auni ne daban, kamar yadda mai kayan miya ke haɗa tumatir da albasa a faifai ɗaya ko da masanin tsirrai zai ce ba dangi ba ne. Kuskure shi ne da an ce jemage yana ƙwai ko yana da gashin tsuntsu, ba a kuwa ce ba. Mu nan ma ai muna yara ce mana aka yi jemage ta baki yake kashi, saboda ana ganin tuƙar 'ya'yan itace da yake tofarwa a gindin bishiya.

Wani lokacin kuma laifin na mai fassara ne ɗungurungum. Tsohuwar fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611 ta sa dabbar tatsuniya mai ƙaho ɗaya a wurare da dama, ana ta yi musu dariya da ita har yau, alhali kalmar Ibranancin "re'em" ce, wadda masana suka fi rinjayar da cewa wani ƙaton saniyar daji ne da ya ƙare a duniya, ta ƙarshe ta mutu a Folan a 1627. Haka kifin Annabi Yunusa, Ibrananci "babban kifi" ya ce, Alƙur'ani ya ce "hut", duk kalmomi ne na ƙaton abin cikin ruwa, ba wanda ya zo yin darasin ajin halittu.

A ɓangarenmu ma haka. Suratul Ankabut aya 41 cewa ta yi mafi raunin gidaje shi ne gidan gizo-gizo, "baitul ankabut". Gida aka ce ba zare ba. Gaskiya ne zaren gizo in aka gwada shi da ƙarfe mai nauyi daidai da shi yana iya fin ƙarfen juriya, amma gidan fa? Ba ya tare rana, ba ya tare ruwa, yarinya da tsintsiya ta gama da shi a shara ɗaya. Wannan tambayar a ganina ita ce mafi sauƙi cikin duka, kar ka ɓata minti goma a kanta.

Abu na uku, ka tambaya wane irin zance ne wannan. Doka ce, waƙa ce, misali ne, ko labarin mu'ujiza? Nan ne mutanenmu suka fi zamewa. Tururuwar Suratun Naml aya 18 da ta ce wa 'yan uwanta ku shiga gidajenku kada Sulaimanu da rundunarsa su tattake ku alhali ba su sani ba, sai ka ji ɗan uwa ya tashi da ƙarfinsa yana cewa ai kimiyya ta tabbatar tururuwa na magana. Eh, tururuwa na isar da saƙo, yawanci da sinadarin wari da ake kira feromon, sunan ma a 1959 aka ƙirƙiro shi, wasu nau'in kuma suna goga sassan jikinsu su fitar da ɗan sauti. Amma feromon ba ya ɗauke da sunan Annabi Sulaimanu, ba ya cewa "alhali ba su sani ba". In ka jingina ayar da feromon ka ba abokin muhawararka sanda ne, zai ce to nuna min sinadarin da ke nufin Sulaimanu, ka yi tsuru-tsuru. Surar da kanta ta gaya maka a aya ta 16 cewa an sanar da shi zancen tsuntsaye, wato baiwa ce ta musamman, ga alhudahuda ma ya zo da labarin Saba a gaba kaɗan. Mu'ujiza ce. Wanda ya yi imani ya karɓa, wanda bai yi ba ya bari, ɗakin gwaje-gwaje ba shi da abin cewa. Kuma Kirista ba zai yi dariyar tururuwa ba tunda jakar Bal'amu ta buɗe baki ta yi magana a Littafin Ƙidaya sura 22, kai ma ba za ka yi dariyar jakar ba. Haka labarin Yakubu da tsabgogin da ya fere ya sa a gaban awaki suka haifi dabbare-dabbare a Farawa sura 30, in aka ɗauke shi a matsayin darasin gado to ba haka gado ke aiki ba, amma sura 31 ta mayar da abin ga ikon Allah ta hanyar mafarki. Wanda ke son ya yi gardama a nan sai dai ya yi gardamar ko mu'ujiza na yiwuwa, wannan kuwa wata muhawara ce daban, ku ajiye ta sai wata rana.

Jiminar Littafin Ayuba sura 39 da aka ce tana barin ƙwanta a ƙasa kamar ba nata ba, waƙa ce, kuma ma jimina a rami a ƙasa take zuba ƙwai, mata da yawa a gurbi ɗaya, uwargidan ta ture wasu gefe. Mu wuce.

Abu na huɗu, kuma nan ne nake ganin malaman kimiyya irina ke da girman kai: ka tabbatar kimiyyar da kake riƙe da ita daidai ce. Karin Magana 6:6-8 ta ce malalaci ya je ya kalli tururuwa, ba ta da shugaba amma tana tara abincinta da kaka. An yi zamanin da wasu masanan Turai suka ce wannan kuskure ne, tururuwa ba ta tara hatsi, saboda irin wadda suka sani a ƙasashensu masu sanyi ba ta yi. Sai da wani Bature mai suna Moggridge ya zauna a Menton a kudancin Faransa ya tona gidajensu ya ga rumbunan iri, ya wallafa a 1873, sannan aka yi shiru. Da kakata suka tambaya da ba su sha wannan wahalar ba. Duk wanda ya taɓa shanya gero ya ga layin tururuwa kowace da ƙwaya a baki, kuma tsofaffi suna ba da labarin shekarun yunwa da ake tona gidan tururuwa a kwashe hatsin da ta tara. Maganar "ba ta da shugaba" ma, wadda muke kira sarauniya ba umarni take bayarwa ba, aikinta ƙwai.

Yanzu zomo, wanda shi ne mai wuyar. Firistoci 11:5-6 da Maimaitawar Shari'a 14:7 sun sa rema da zomo cikin masu tuƙa. Tuƙa a wurin masana ita ce ta saniya da akuya da tunkiya: ciki mai ɗaki huɗu, ciyawa ta sauka tumbi, a dawo da ita baki a sake taunawa. Raƙumi ma yana yi duk da nasa ɗaki uku ne. Zomo ba ya haka, rema ma ba ya yi. (Abin dariya, Bahaushe ya ce zomo ba bawan giwa ba ne, to rema kam ɗan uwan giwa ne na kusa a wurin masana, duk ƙanƙantarsa.) Amsar da aka fi bayarwa ita ce zomo na fitar da wani kashi mai laushi daban da busasshen da muke gani, ya sa baki ya karɓe shi tun daga mafita ya haɗiye, abincin ya sake bi ta ciki karo na biyu. Wannan gaskiya ne, wani likitan dabbobi Bafaranshe Morot ya bayyana shi tun 1882, ni ma na tsaya da asuba a gaban kejin zomayen makaranta na gani da idona, ya dunƙule ya kai baki ƙarƙashinsa ya ɗago yana motsa baki. Amma kalmar Ibranancin tana nufin "hawo da" abin tuƙa, wato daga ciki zuwa sama, na zomo kuwa ta ƙasa ya fito. Kuma wannan amsar ba ta taɓa rema ba sam. Ni a ganina wanda ya ce nassin yana magana ne da abin da makiyayi ke gani, dabba zaune tana juya muƙamuƙi kamar mai tuƙa, don a ba shi alamar da zai gane halal da haram a daji ba tare da ya fede ta ba, ya fi gaskiya da kansa. Wanda kuma ya ce shi wannan bai gamsar da shi ba, yana da hujjarsa, kar ka ce masa taurin kai ne.

To ga inda maganar take. Duk uzurin da ka nema wa littafinka, sai ka yarda a nema wa na abokinka. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Ka tuna "tafiya da huɗu" na fara? Buɗe Suratun Nur aya 45: Allah ya halicci kowace dabba daga ruwa, akwai mai tafiya a kan cikinsa, akwai mai ƙafa biyu, akwai mai huɗu. Abokinka zai ce ina mai shida, ina kunama da gizo masu takwas, ina shanshani da ƙadandoniya? Za ka ce ai misalai aka kawo ba ƙidaya ba, ga shi ayar ta rufe da cewa Allah na halittar abin da ya so. Amsa ce mai kyau, na yarda da ita. Amma in minti biyar da suka wuce ka ƙi karɓar "salon magana ne" a kan fara, da wane baki za ka nemi a karɓa maka yanzu? Haka Suratuz Zariyat aya 49, daga kowane abu mun halicci biyu-biyu. Za a kawo maka wani ƙadangare a jihar New Mexico ta Amurka da duk jinsinsa mata ne, suna ƙwai ya ƙyanƙyashe ba namiji. Amsarka ita ce "kullu", wato "kowane", a Larabci ba kullum take nufin ɗaya bayan ɗaya ba togiya ba, sarauniyar Saba ma an ce an ba ta daga kowane abu, iskar Adawa an ce tana rusa kowane abu sannan aka ce gidajensu sun rage, kuma magabata irin su Mujahid sun fassara biyu-biyun da dare da rana, sama da ƙasa, ba lallai mace da namiji ba. Daidai. To wannan komawa ga harshe da ka yi, shi ne abin da shi ma ya yi da "of" a kan jemage. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ni abin da nake yi yanzu, tun kafin a fara nake cewa mu yanke mudun da za mu auna da shi: in harshen mutanen zamanin da abin da ido ke gani uzuri ne, to uzuri ne ga kowa, in kuma sai nassi ya dace da littafin bayoloji na aji shida kalma da kalma, to kowa ya shirya. Yawanci daga nan murya ke sauka.

Sai kuma tarkon da ya fi kama 'yan uwana Musulmi, wato juya kowace aya ta zama abin al'ajabin kimiyya. Za ka ji an ce "ƙalat namlatun", wato "tururuwa ta ce" a waccan ayar ta Suratun Naml, sigar mace ce, kuma kimiyya ta gano ma'aikatan tururuwa mata ne. Eh mata ne, na ƙudan zuma ma haka. Akwai ma labarin da malamin tafsiri Zamakhshari ya kawo cewa Abu Hanifa yana saurayi ya kafa hujja da wannan "ƙalat" ɗin a gaban Ƙatada. Amma malaman nahawu da yawa sun ce ta'un da ke "namlatun" ta ɗaya ce daga cikin jinsi, ba ta mace ba, Balarabe zai ce haka ko namiji ne. Mu ma ai "tururuwa ta cije ni" muke cewa, ba wanda ya ɗaga ta ya duba. In abokinka ya san Larabci kaɗan zai kwance maka zani a kasuwa, kuma abin haushin mai kallo zai ɗauka ayar ce ta faɗi alhali kai ne ka ɗora mata kayan da ba ta ce a ɗora ba.

Labarin da ya fi koya min hankali a nan na Fakhruddin ar-Razi ne, wanda ya rasu a 606 bayan hijira, babban malamin tafsiri kuma masanin ilimin zamaninsa. Suratun Nahl aya 69 ta ce abin sha mai launi daban-daban yana fita daga cikkunan ƙudan zuma. To masana ɗabi'a na lokacin, bin ra'ayin da ya taso tun daga Girkawa, suna ganin zuma wata raɓa ce da ke sauka daga iska kan ganye, ƙudan zuma ya tsince ta da baki ya kai amya. Razi ya kawo wannan ra'ayin ya karkata gare shi, har ya fassara "cikkuna" da bakuna don ayar ta dace da shi. Yau mun san ƙudan zuma na tsotsar ruwan fure ya zuba a wata jaka ta musamman a cikinsa, sinadaran jikinsa su fara sarrafa shi, ya dawo da shi ta baki a amya, a yi ta fifita da fiffike har ruwan ya ragu ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ka ga zahirin ayar ya fi kusa da abin da ke faruwa fiye da gyaran da aka yi mata don a faranta wa kimiyyar wancan ƙarnin. In Razi da girmansa hakan ta same shi, ni da kai fa da bidiyon minti uku? Shi ya sa Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 790 bayan hijira, ya yi ta jan kunne kan cusa wa Alƙur'ani ilmomin da Larabawan da aka saukar wa ba su san su ba. Kiristoci ma suna da nasu, Agustin bishop ɗin Hippo, garin da yake Annaba ta Aljeriya a yau, wanda ya rasu a 430, ya gargaɗi mutanensa cewa in Kirista ya yi ta shirme kan taurari da dabbobi yana jingina wa littafi a gaban wanda ya san abin, littafin yake jawo wa raini. Kan "ci daga dukkan 'ya'yan itace" da aka ce wa ƙudan zuma a farkon waccan ayar ta Nahl kuwa, asalin abincin ƙudan zuma ruwan fure ne da garinsa, amma je ka teburin mai yankan kankana ko abarba da rana ka ga wa ke damunsa.

Hadisin ƙuda da ke cikin Bukhari, wanda ya ce in ƙuda ya faɗa a abin sha a nutsar da shi sannan a cire don fiffike ɗaya cuta ɗaya magani, shi ma kusan kullum sai an jefo shi. Abin da zan ce kawai, kar ka kare shi da "wani bincike a wata jami'a" da ba ka iya faɗin wa ya yi, yaushe, a kan me. Ƙuda na ɗaukar ƙwayoyin taifod da kwalara da atini, wannan ba gardama. Yadda za a fahimci hadisin aikin malaman hadisi ne kuma sun daɗe suna magana a kai, ka mayar da tambayar can, ka ce za ka tambayo, ya fi maka ƙirƙiro farfesan da babu shi.

Wajen yin maganar kanta, tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Mai jerin tambaya ashirin dabararsa kenan, kana tsakiyar zomo ya tsallaka jemage, kana kama jemage ya koma kifin Yunusa. Ce masa Oga mu gama da zomo tukuna. Kafin ka ba da amsa maimaita masa tambayarsa da bakinka har ya ce eh haka nake nufi, don sau da yawa abin da kake rusawa ba shi ya gina ba. In ya kawo abin da ya fi ƙarfinka ka ce wannan ta yi nauyi ba ni sati ɗaya, ba a mutuwa don an faɗi haka, kuma ranar da shi ma ya maƙale zai samu bakin faɗa. Kuma ka bambance abu uku da mutane ke cakuɗawa: nassi ya yi kuskure, mai fassara ya yi kuskure, ko mai wa'azin da ya yi bayanin nassin ne ya yi kuskure. Na ukun nan ya fi yawa nesa ba kusa ba, a masallaci da coci duka.

Sati biyu bayan waccan Larabar na sayo fara ta ɗari biyar a bakin tasha na kawo ofis, na ce wa mutanen nan biyu yau sai mun ƙirga. Muka share tebur muka juye ledar a kan tsohuwar takardar jarrabawa, malamin lissafi na tonawa da bayan biro, Malam na cewa a yi a hankali kar yajin ya zube. Sai da muka kusa cinye rabi kafin muka samu guda ɗaya da mai suya bai karya mata ƙafa ba. Huɗu ƙanana a gaba, biyu manya a baya. Malam ya ce shida kenan, Oga ya ce huɗu da biyu, aka kaɗa ƙararrawa kowa ya ɗauki allinsa.